Tarihin magabata: Nana Asma'u ɗiyar Shehu, marainiyar da matan gida suka riƙa har ta zama uwar mata

Ranar 13 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar matan Nijar, domin tunawa da tattakin da mata suka yi a birnin Yamai a shekarar 1991, suna neman a ƙara musu kujeru cikin kwamitin da ke shirya babban taron ƙasa. A irin wannan rana akan yi anko, a yi jawabai, a ambaci ministoci da ƴan majalisa mata. To saidai akwai waɗanda ba a cika kiran sunansu wurin buki ba: tsohuwar da ke zamne cikin ɗaki bisa tabarma da tasbaharta, innar da ta yi goyo har bayanta ya ranƙwafa, da kishiyar uwar da ta riƙa ɗan da ba ita ta haifa ba. Saboda su ne filinmu na tarihi na wannan mako ya ɗauko rayuwar Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kowa ya san ta da malanta da waƙa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, marainiya ce, matan ubanta suka rene ta, kuma da ta girma, bisa kafaɗar tsofaffi mata ta aza babban aikin da ake tuna ta da shi har gobe.

Asalin gidan daga nan wajenmu ne

Kafin a kai ga Sakkwato, sai an biyo ta jahar Tawa. Kakannin Shehu Fulani ne Torankawa da suka taso daga Futa Toro, ƙasar Senegal ta yanzu, suka zamna ƙasar Ƙonni shekaru aru-aru. Shi kansa Shehu an haife shi a shekarar 1754 a Maratta, kusa da Galmi, kafin iyayensa su koma Ɗagel, wadda yau take cikin jahar Sakkwato ta Najeriya. Da ya zama saurayi mai neman ilimi, har Agadas ya kai wurin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Kun ga kenan wannan tarihi namu ne, iyakar da turawa suka shata daga baya ce ta raba shi biyu.

Gidan malamai ne tun asali, kuma karatun bai tsaya zaure ba, ya shiga har cikin gida. Mahaifiyar Shehu, Hauwa, mai karatu ce. Kakarsa Ruƙayya ita ma haka. Suna cikin waɗanda suka fara buɗe masa ido da karatu tun yana yaro. Wanda ya taso ya ga innarsa da kakarsa riƙe da allo, ba zai yarda a ce masa ilimi na maza ne su kaɗai ba. Shi ya sa da ya fara yawon wa'azi cikin Gobir da Zamfara, mata na zuwa su saurara a gefe. Wasu malamai sun soki wannan, har ƙanensa Abdullahi ya maida musu martani a rubuce, inda ya nuna barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu wurin wa'azi illa. Shehu kuma cikin littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar magana ga malaman da ke tara almajirai a waje suna neman suna, alhali matansu da ɗiyansu na cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba.

Cikin wannan gida ne aka haifi Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. A al'ada da sai a ce mata Husaina ko Hasana, amma uban ya zaɓa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a ɓoye lokacin hijira.

Maraici da riƙo

Mahaifiyarta Maimuna ƴar'uwar Shehu ce, auren zumunci aka yi. Allah ya yi mata rasuwa tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai. Duk wanda ya san gidan mata da yawa ya san abin da ake tsoro idan uwa ta faɗi ta bar ƙananan yara: tuwon ya zama ƙanzo, aikin gida ya koma kan maraya, kuka kuma ba mai lallashi. Tatsuniyoyinmu ma cike suke da labarin ɗiyar bora da ɗiyar mowa.

A gidan Shehu abin bai zama haka ba. Matansa biyu suka ɗauki riƙon: A'ishatu wadda ake kira Iya Garka, da Hauwa wadda ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Dukansu mata ne masu ibada da gudun duniya. Wurinsu ta koyi abin da kowace ɗiya ke koyo wurin uwa, daga kaɗi da daka da girki har zuwa ladabin magana, kuma wurinsu ta ga yadda mace ke tashi sallar dare ta kuma wayi gari tana hidimar baƙi. Gidan Shehu kullum cike yake da almajirai da masu ziyara, kuma ba mai tambayar wa ya ɗebo ruwa, wa ya surfa hatsin da aka ciyar da su. Waɗannan mata ne suka yi. Akwai kuma yayarta Hadiza, malama ce babba, ta taimaka wurin karatunta.

Wani abin lura a nan: Bello da Asma'u ba ɗaki ɗaya suka fito ba, ƴan uba ne. Mu kuwa mun san abin da kalmar ƴan ubanci ke nufi a bakin Bahaushe. Amma da yake uwa ɗaya ta riƙa su, ba ta kuma nuna bambanci ba, sai suka taso da shaƙuwar da ta kai su har ƙarshen rayuwa. Bayan ya zama Sarkin Musulmi, Bello na shawara da ita, suna musayar rubutu, yana ba ta aikin ilimi ta yi. Wannan amana daga ɗakin Inna Garka ta faro.

Asma'u ta hardace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da sufanci bisa ɗariƙar Ƙadiriyya ta mahaifinta. Ta iya harsuna huɗu: Fulatanci na gida, Hausa ta gari, Larabci na littafi, da Buzanci na maƙwabta.

Yarinya cikin gudun hijira

Tana ƴar yarinya zama ya fara tsami tsakanin jama'ar Shehu da fadar Gobir da ke Alƙalawa. Sarki Nafata ya kafa doka cewa ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su bar naɗa rawani, mata su bar yafa mayafi. Da ɗansa Yunfa ya hau gado abin ya ƙara zafi, har ta kai a watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel zuwa Gudu. Asma'u na da shekara 11. An ɗora littattafan Shehu bisa raƙuma, da taimakon wani Buzu almajirinsa mai suna Agali, mata da yara kuma suka bi da kayan da suka iya ɗauka.

A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Kafin shekara ta ƙare kuma aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahardata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. Aka yi ta yawo daga wannan sansani zuwa wancan, ga yunwa ga ciwo, har aka samu wurin zama a Gwandu. Littattafan tarihi sun fi ba da labarin masu takobi da masu tuta. Amma kowa ya san wa ke neman abin da za a sa a tukunya ranar da babu hatsi, wa ke jinyar wanda aka harba da kibiya, wa ke rungumar yaran da ubansu bai dawo ba. Asma'u ta ga wannan da idonta tun ba ta kai munzali ba, kuma bai taɓa fita ranta ba.

A shekarar 1807 aka yi mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya zamna Sifawa wasu shekaru, ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Cikin wannan shekara kuma ta rasa Hasan, abokin tagwaicinta. Ta haifi ɗiya maza shida, na farin ya rasu yana jariri. Ke nan zafin da uwa ke ji idan ta binne ɗanta, ita ma ta ɗanɗana shi.

Uwargidan Waziri mai alƙalami

Gidan Waziri Giɗaɗo, a unguwar da yau ake kira Giɗaɗawa, masauki ne na manyan baƙi: malamai daga gabas da yamma, manzannin sarakuna, har Baturen Birtaniya Kilafatan da ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, hannun Giɗaɗo aka danƙa shi. Hidimar irin wannan gida kaɗai ta isa ta cinye ranar mace. Duk da haka Asma'u ta samu lokacin tattara littattafan mahaifinta da yaƙi da ƙaura suka warwatsa, ta tsara su, ta kuma shiga rubuta nata.

Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai 60. Na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Tana zaɓen harshe gwargwadon wanda take son ya ji. Idan da malamai take, sai ta yi Larabci, kamar waƙar maraba da ta aika wa wani malami da ya zo daga Shinƙiɗi ta ƙasar Murtaniya. Idan da dangi take, Fulatanci. Idan kuwa talakawa take nufi, matan ƙauye da bayi da waɗanda ba su taɓa riƙa allo ba, sai ta yi Hausa, da ajami.

Ta san mace mai daka da goyo ba ta da lokacin zama gaban littafi, amma tana da kunne da baki. Don haka ta zuba karatun cikin waƙa. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti kamar 30, yadda mace za ta hardace su tana kaɗi. Akwai Godaben Gaskiya, mai bayanin hanyar tsira da abin da ke kai mutum wuta. Akwai mai ba da tarihin Annabi, akwai mai ba da tarihin Shehu da hijirarsa, wadda Hausawa suka sani da Waƙar Gewaye. Ta kuma maida waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke jan kunnen masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa kan zalunci da cin haƙƙin talaka. A tuna, lokacin da ta yi wannan fassara ƴan'uwanta ne ke bisa mulki. Ƙanenta Isa, autan Shehu, shi ma ya maida wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa.

Gawakuke: inda tarihin ya taɓa mu

A nan sai mun faɗi gaskiya, don da yawa cikin masu bin mu a Maraɗi da Tsibiri jikokin ɗaya ɓangaren ne. Katsinawan da jihadi ya kora su ne suka kafa sarautarsu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, tare da Buzaye ƙarƙashin Ibra, suka haɗa kai suka kara da rundunar Bello a Gawakuke. Aka kashe Ali, aka kashe Rauda, aka kama mutane masu yawa. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Asma'u ta yi waƙa kan wannan yaƙi, kuma ta yi ta ne a matsayin ƙanwar wanda ya ci nasara. Ba za mu ɓoye wannan ba, kamar yadda ba za mu ɓoye cewa ranar da aka yi murna a Wurno, an yi makoki a gidajen kakanninmu ba.

To amma a dubi abin da ya biyo baya. Yaƙe-yaƙen nan sun cika garuruwa da ƙauyukan daular da zawarawa da marayu da matan da aka kamo, an raba su da dangi, an kai su inda ba su san kowa ba. Abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ko baƙin ciki ya zo shi ne bori. A Gobir kuwa shugabar bori ita ce Inna, ƴar gidan sarauta, mai faɗa a ji, wadda ke sa malfa irin ta maza. Har yau akwai sarautar Inna a Tsibiri, akwai ta Iya a Maraɗi. Asma'u ba ta yarda da bori ba ko kaɗan, ta yi rubutu tana hani da shi. Sai dai ta gane cewa ba a raba mutum da abin da ya dogara gare shi a bar shi hannu sake. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani, kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, har da abin da ya shafi mai ciki da mai naƙuda da ciwon yara. Ta kuma gane wani abu da ya fi wannan: matan ƙauye sun saba da shugabancin babbar mace, uwa, wadda za su kai wa kuka. Sai ta ba su irin wannan uwa, amma mai ɗauke da karatu.

Ƴan Taru: makarantar kakanni da jikoki

Nan ne aikin da ya fi kowane ya fito. Matar aure mai ƙananan yara ba ta iya barin gidanta ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato neman ilimi. Su wa ke iya tafiya? Tsofaffin da suka bar haihuwa, da ƴan matan da ba a kai ga yi musu aure ba. Wato kaka da jikanya. Waɗannan su ne mutane biyu da gari ya fi rainawa, ɗaya a ce ta tsufa, ɗaya a ce ba ta san komi ba. Da su Asma'u ta gina makarantarta.

A kowane gari takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mata ke jin maganarta, ta naɗa ta jaji. Jaji a asali shi ne mai jan ayarin fatake. Naɗin kuwa da malfa ake yin sa, a ɗaura mata jan ƙyalle, irin malfar nan da aka san Inna da ita. Duk wanda ya hangi tsohuwa da malfa gaban ayarin mata ya san ba a tare su, ba a yi musu wargi. Jaji ke tattaro matan garinta, su taka da ƙasa har gidan Asma'u. Su kan riƙo sadakar da matan da ba su samu zuwa ba suka bayar, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Su yi kwanaki ana biya musu waƙa baiti baiti, ana yi musu bayani, suna tambaya ana ba su amsa, kan tsarki da salla da azumi, da haƙƙin miji da haƙƙin mata, da zaman kishi da riƙon maraya. Sannan su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koya wa waɗanda ke tsare.

Waɗannan mata su ake kira Ƴan Taru. Aikinsu bai tsaya ga karatu ba. Su ke zuwa wurin mai naƙuda, su ke wankan gawar mace, su ke sasanta ma'aurata, su ke duba marar lafiya da wanda ba shi da kowa, su ke sharar masallaci. Idan muka duba da kyau, aikin da kakanninmu mata ke yi ne cikin unguwa tun fil azal. Abin da Asma'u ta ƙara shi ne ta ba aikin ilimi, ta ba shi tsari, ta kuma ba masu yin sa girma a idon sarki da talaka. Ba gini, ba albashi, ba motar kai malamai, amma karatu ya kai ƙauyukan da ko yau mota ke wahalar shiga.

Ba ta manta da waɗanda suka rene ta ba

Wajen 1836 Bello ya rubuta littafin nasiha ga mata, ya nemi ta maida shi waƙa. Ta yi da Fulatanci, ta kuma yi da Hausa a 1837, shekarar da Bello ya rasu a Wurno. Sunan waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta jero matan Annabi da ɗiyansa, ta kawo waliyyai mata na ƙasashen Larabawa irin su Rabi'atul Adawiyya. Sannan, cikin wannan jeri mai daraja, sai ta sako matan gidansu: Iya Garka da Inna Garka, tana yaba ibadarsu da kyautarsu da kyan halinsu. Ta ambaci wasu malamai mata na jama'ar Shehu, irin su Habiba mai koyar da mata, da Ƴar Hindu mai sasanta rigima. Marainiyar Ɗagel ta biya riƙon da aka yi mata da abin da ya fi zane da goro: ta sa sunan iyayen riƙonta a bakin dubban mata, ga shi shekara kusan 190 ana ambatonsu.

Haka ta yi da waƙoƙin ta'aziyya. Ta yi wa manya, baffanta Abdullahi, da Bello, da mijinta Giɗaɗo wanda ya riga ta rasuwa. Amma ta yi wa ƴar'uwarta Faɗima, ta yi wa aminiyarta A'ishatu. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba ɗiyar sarki ba ce, abin da aka san ta da shi kirki ne da riƙon zumunci. Ta yi wa Zaharatu, mai zuwa wurin masu haihuwa da wankan gawa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta shekara da shekaru tana jan ayarin mata. A zamanin da maroƙa ke wasa sarakuna da barade, ɗiyar Shehu ta ɗauki alƙalami tana wasa ungozoma. Abin da take yabo wurinsu kuwa ba dukiya ba ne ko asali: haƙuri ne, da sakin fuska, da kyauta, da zuwa inda ake buƙatarsu ba tare da an aika kira sau biyu ba.

Rasuwarta da abin da ta bari

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da ƴan kai, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da jagorancin Ƴan Taru. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sarauta ta canza, amma tsofaffi masu malfa ba su daina zuwa ba. Ɗanta Abdulƙadir ya zama Waziri, kuma wazircin Sakkwato ya zamna cikin zuri'arta. Jikanta na nesa, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya adana takardunta, kuma daga wurinsa ne wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd ta samu abin da ta rubuta tarihinta a 1989, kafin ita da Beverly Mack ta Amurka su buga ayyukanta gaba ɗaya a 1997. Yau makarantun ƴan mata da na Islamiyya masu yawa na ɗauke da sunanta, kuma har a Amurka akwai mata Musulmi da suka kira ƙungiyarsu Ƴan Taru.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, Bahaushe na cewa uwa ma ba da mama. Tarihin nan ya nuna mana ba wadda ta haifa kaɗai ce uwa ba. Da Iya Garka da Inna Garka sun ɗauki Asma'u ɗiyar kishiya, sun bar ta da tulu da muciya, da babu Godaben Gaskiya, babu jaji, babu Ƴan Taru. Wannan magana ce ga duk matar da Allah ya sa wa maraya a hannu yau, a Madawa ko Tasawa ko Mirya: ba ki san wa kike reno ba.

Magana ta biyu ga maza ce. A ƙauyukanmu har yanzu ana cire ɗiya mace daga lakol ko daga makarantar allo tun ba ta iya rubuta sunanta ba, wani har ya ce addini ne ya sa shi. Shehun da ake ji da shi ya karantar da ɗiyansa mata har suka zama masu fassara littafi, shi kuma wurin innarsa da kakarsa ya fara.

Ta uku ga matasa ce. Tsohuwar nan da kuke wucewa da waya a kunne, ku ce mata ina kwana a tsaitsaye, ita ce ta san sunan kakan kakanku, ta san garin da kuka fito da dalilin fitowar, ta san shekarar yunwa da abin da aka ci aka rayu. Ranar da aka ɗauke ta, da abin da ta sani za a rufe ta. Asma'u ta rubuta sunayen nata tsofaffin. Ku fa, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku zamna gabanta yau, ku tambaye ta sunan innarta da na kakarta, ku aje wa ɗiyanku. Ku duba ko tana da magani, ko gidan sauronta ya yage, ko ta ci abin da haƙoranta ke iyawa. Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, ya yi mata addu'a, ya kuma ziyarci ƙawayenta da suka rage.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayen da suka riƙa ta. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye kuma ya ba mu ikon kyautata musu tun suna gani. Amin.